Dutsen Kan Kaka

Ƙaurin ne ya fara isa hancin Hanim tun kafin ta gama gangarowa daga tudun yashin. Ƙaurin nama mai maiƙo, irin mai maƙale wa mutum a maƙogwaro.

"Inna... kina jin abin da nake ji?"

Inna ta ƙara sauri.

Shekara biyu Hanim ta yi tana roƙon wannan ranar. A ƙabilarsu ta Cham gidan mace ne ke aika neman aure, Inna kuwa ta rantse ba mai taka gidan su Khanh, ɗan birnin Saigon da bai san gabas ba bare yamma. Da kuka da magiya Inna ta yarda ya biyo su tattakin da suke yi duk shekara gab da azumi. Su ratsa jan yashi da ƙafa, su hau babban tudu su gaisa da teku, sannan su sauko ziyarar kaburburan magabata. In ya nuna hankali, jibi Kawu Jalau zai kai ganyen tauna, goron neman aurensu, gidan su Khanh.

Gogan naka tun a hanya yake mita. Kawu na nuna masa sawun tsuntsu da furen ƙayar da ruwa ɗaya tak ya fito da shi, shi kuwa yana ɗaga waya sama yana neman sabis. A gindin tudu ya zube ya ce ba zai hau ba. Sabi, 'yar baffan Hanim da ta daɗe tana masa kallon ƙasa-ƙasa, ta yi caraf ta ce za ta taya shi zama.

Ga abin da zaman ya haifa.

Khanh na tsugune yana fifita wuta da hularsa. A jikin tsinke damon yashi ne guda biyu, an farke cikinsu, kitse na ɗiga. Damo! Abin da ko sunansa ba a kira a gidan su Hanim in ana cin abinci, don a makwancin mutane yake haƙa raminsa.

"Zuciyata! Zo ki gani, wurin wani mafarauci na saya. Sabi ta ce shi Inna ta fi so!"

Hanim ta ja da baya. Ta kau da kai, sai idonta ya faɗa kan abin da ya fi damon muni.

Maƙabartarsu ba gini ba rubutu. Mulmulallun duwatsu ne a jere kan yashi, kowane mamaci da biyu, na kai da na ƙafa. Layin danginsu ya yi giɓi uku. Ukun kuwa ga su can ƙarƙashin tsinke, an yi murhu da su, sun yi baƙi ƙirin.

Inna ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo uwata! Wayyo ni!"

"Wallahi damon kawai na ce masa..." in ji Sabi. "Zagayawa na yi, na dawo na tarar..."

"Rufe min baki, annamimiya!" in ji Hanim.

Khanh ya miƙe yana raba ido.

"Haba masoyiyata, ina zan sani? Ba suna, ba komai!"

Gaskiyarsa ce, ita ma ta sani. Don haka ta tsaya tana jira. So take ya durƙusa kawai. Ya ce a yafe masa. Da ya yi haka, da ta sake shekara biyu tana yaƙi a kansa, don har a lokacin tana sonsa.

Kawu Jalau ya tambaye shi a hankali, "Yaro, wanne ka ɗauko daga ina?"

Sai Khanh ya yi 'yar dariya.

"Kawu ke nan! Duk ba dutse ba ne? A ajiye kowanne ko'ina, na ƙasan ai ba za su kai ƙara ba. Amma a bari naman ya ƙarasa, saura kaɗan."

Ya yago cinya ya jefa a baki. Maiƙo ya gangaro a leɓɓan da ta sha kwana tana mafarkinsu.

Tir! Ƙyama ta taso mata tun daga ɗan yatsan ƙafa, ƙyamarsa da ƙyamar kanta da ta so shi.

Ta shure tsinken ya faɗa toka. Ta durƙusa ta ɗora hannu kan duwatsun.

"Hanim, da zafi!" in ji Kawu.

Ba ta saurara ba. Kaka ce ta goya ta, kuma shekara biyar da rasuwarta Hanim ke wanke dutsen kan kabarinta. Yana da ɗan lotsawa daidai babban yatsanta. Ba na farko ba ne. Ba na biyu ba. A na uku yatsan ya zauna daram.

Ta rungumo shi fatarta na toyewa, ta kai shi giɓinsa ta ajiye kamar mai kwantar da jariri. Kawu ya naɗe hannu da rawani ya mayar da sauran.

Inna ta kamo hannunta tana kwarara masa ruwa, hawaye na zuba.

"Cire zoben nan, 'yar nan, kafin yatsan ya kumbura."

Zoben da Khanh ya ba ta ne. Da ƙyar ya fita, har da fata. Ta cilla shi cikin tokar, gefen damon.

"Sabi, ga zobe, ga miji, ga naman walima. Allah ya ba da zaman lafiya."

"Zuciyata, don Allah... a kan dutse?"

Ko waiwaye ba ta yi ba.

"Kawu, ganyen taunar da ka tanada na jibi yana cikin jakarka?"

"Yana nan."

"Miƙo min. Kaka zan ba."