Ɗakin Hasken Lukuman

"Wallahi sai kin zo, Rukayya! Inna ma tana tafe."

"Lukuman, ɗakin nan duhu ne fa..."

"To ina za a ga haske in babu duhu, masoyiyata?"

Dariya ya yi. Lukuman malamin kimiyya ne a Kalgo, shi da ɗalibansa suka haɗa ɗakin baje kolin haske. Aure muke shirin yi. Abu guda ya tsaya wa Innarsa a rai: Baffana a Gwandu dundumi ne ya kama shi, daga rashin gani da magariba har idon ya tafi gaba ɗaya, ya bar kiwo. Yayana Sambo ma ya bi sahu. Lukuman ya rantse mata idona garau yake.

Bai san tun bara na daina fita bayan magariba ba.

Ranar da muka je ni da Inna, ɗakin farko da sauƙi. Ya haska fitila ta cikin wani gilashi mai kusurwa uku, sai ga bakan gizo kwance a bango.

"Kin gani, Inna? Duk launukan nan cikin farin haske suke ɓoye."

"Ikon Allah!" in ji ta. Ta dube ni tana murmushi. "Ɗiyata, haka shi ka cika ki da surutu?"

"Ya fi haka, Inna."

Har na fara sakin jiki. Kaico!

Sai ya ɗaga wani baƙin labule. Muna shiga duniya ta ɓace mini.

"Ku ɗan jira," in ji shi. "Ido yakan saba da duhu. Wannan don ke na yi shi, Rukayya. Taurari ne na zaren gilashi, irin na saman rugarku."

Na dafe bango. Na ce a raina, da na ji ya kunna zan yaba, shi ke nan, mu fita.

Na ji ƙas!

"Kai, masha Allah!" na ce da ƙarfi. "Lukuman, sun yi kyau!"



"Rukayya..." in ji Lukuman. "Fanka na kunna."

Wayyo Allah! Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na sake jin ƙas. Inna ta ja numfashi, ta ce, "Allahu akbar." Na ɗaga kai, na buɗe ido iyakar ƙarfina. Ko ɗigo ban gani ba. Taurarin da ya yi watanni yana ɗaura mini ɗaya bayan ɗaya!

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun bara."

"Ban damu ba! Wallahi Inna ban damu ba, ni zan riƙe ta!"

"Ka rantse mini, Lukuman," ta ce a hankali. "Kai kaɗai gare ni. Ɗiyan da za ku haifa fa, wa za shi riƙe su?"

Da zagina ta yi da na samu abin riƙewa. Sai kawai ta laluɓo hannuna, ta ɗora a kafaɗarta, ta ja ni zuwa ƙofa, daidai yadda nake jan Baffa zuwa masallaci. Ina jin kafaɗar tana girgiza. A bakin ƙofa ta ce, "Allah shi ba ki lafiya, ɗiyata. Ki yafe mini."

Ina jin Lukuman yana kiran sunana ban waiwaya ba. Ina son shi kamar raina, amma ba zan raba shi da uwarsa ba. Na yi sauri na hau mota don in isa Gwandu da sauran rana.

Baffa na zaune a kan tabarma, ya gane takuna.

"Rukayya, ya hasken?"

"Ya yi kyau, Baffa."

Ya miƙo hannu ya shafa fuskata, ya ji ta jiƙe sharkaf. Yatsunsa suka tsaya a kan idanuna.

"Ke ma?" ya ce.