Da Sunan Yaya Aka Kwantar da Shi

Mai Kitso na zaune a bakin katifa tana tsaga gashin wata maƙwabciyarsu, 'yarta na gefe tana buga murfin tukunya, sai aka banko ƙofa ba ko sallama. Yaya ne, wan mijinta. Mutumin da ko shara zai fita zubarwa sai ya goge takalmi, yau ga shi gumi sharkaf, maɓallan riga a karkace.

"Sallami baƙuwarki," ya ce. "Auta ya faɗo daga saman gini."

Ba ta san lokacin da ta miƙa wa maƙwabciyar yarinyar ba. Mayafi kawai ta figa ta bi shi.

Ita da mijinta Auta sun baro ƙasarsu ne da jaka ɗaya da cikin yarinyar nan, suka biyo hanyar da ba kowa ke ganin ƙarshenta ba, don su samu abin riƙe kansu da Inna, mahaifiyarsa da suka bari a gida. Sun iso da rai, amma babu takardar zama. Yaya kuwa ya daɗe a garin, yana da shago da katin aiki. Da yake kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara, sai ya ara wa ƙanen katin, Auta ya shiga walda a wurin gini da sunan wansa. Har ta riƙa tsokanarsa wai ita ba ta san wa ta aura ba.

A mota ta tarar da Anti, matar Yaya, ido ya yi ja.

"Ki saurare ni da kyau," in ji Yaya yana tuƙi. "Da sunana aka kwantar da shi. Saboda haka a can Antinki ce matarsa, ke ƙanwarta ce kin rako ta. Ni a mota zan tsaya, kar a ga fuskata kusa da tasa."

"Yaya, mijina ne fa..."

"Na ce ba mijinki ba ne? Na yau kaɗai ne."

A asibiti, sashen emajensi, nas ta tambaya wace ce matarsa, Anti ta ɗaga hannu. Mai Kitso ta ji abin har cikin ƙashinta, amma ta haɗiye. Ta gilashin ƙofa ta hango shi a kwance ba ya motsi, an yanke wandon aikin da ita ta ɗinke masa gwiwarsa.

Likita ta fito ta yi musu bayani. Rodi ya huda cinyarsa, za a shiga da shi tiyata, amma sai an fara yi masa allurar da za ta hana ciwon ruɓewa. Ta faɗi sunan allurar.

Harshen garin bai gama zama a bakin Mai Kitso ba, amma wannan suna ko a mafarki ta san shi. A wani sansani a kan hanyarsu an taɓa yi wa Auta ita, nan take wuyansa ya kumbura, numfashi ya gagara, da ƙyar aka ceto shi. Ma'aikacin lafiyar ya sa ta maimaita sunan har ta haddace, ya ce kada a sake.

"Likita, kar a yi masa. Jikinsa ba ya karɓarta."

Likitar ta duba kwamfuta. "Ga shi bara an yi masa ita a nan, da aka yi masa aikin ƙaba, kuma lafiya lau. Ko dai wani kike nufi?" Ta juya ga Anti. "Ke ce matarsa. Ya taɓa samun matsala da ita?"

Yaya ne aka yi wa aikin ƙaba, dukansu sun sani. Anti ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a."

Da gudu Mai Kitso ta koma wurin mota ta zayyana wa Yaya komai.

"Wancan karon yunwa ce da wahalar hanya," ya ce. "Yanzu jikinsa ya yi ƙwari."

"Yaya, ni na riƙe kansa a cinyata yana shure-shure! Wallahi in aka yi masa tafiya zai yi."

"In kika buɗe baki kuma fa? A ƙwace katina, a rufe shagon, a tattara mu duka a mayar da mu inda muka fito. Me za ki ba 'yarki ta ci a can?"

Ya kira Inna ya manna wa Mai Kitso wayar a kunne.

"'Yar nan, ki rufa mana asiri. Su biyun nan su ne gatana. Likita ta fi ki sani, ki bar wa Allah."

"Inna, Allah ne ya sa na sani..."

Yaya ya fisge wayar. "In kika tona mu, babu ke babu mu har abada."

Ta dube shi, ta ga ba mugunta ce a idonsa ba, tsoro ne tsagwaronsa, irin wanda ita ma take kwana da shi take tashi da shi. Ta tausaya masa ƙwarai. Duk da haka ta juya ta ruga.

Nas na tura teburin allura za ta shiga ɗakin, Mai Kitso ta sha gabanta ta tare ƙofa da hannu biyu.

"Ni ce matarsa! Fayil ɗin nan na wansa ne, ba nasa ba. Ba shi da takarda, ni ma ba ni da ita. Ku kira duk wanda za ku kira, amma kar ku yi masa allurar nan."

Likita ta dube ta, sannan ta ɗauke kwalbar daga teburin ta ce a kawo wata.

Auta ya tashi, da ɗingishi amma da ransa. Abin da ya biyo baya kuwa ba daɗi. Hukuma ta riƙe katin Yaya, shago ya zauna a rufe, su kuma kullum suna hanyar ofis ba su san ranar da za a ce su tattara ba. Dangi suka ɗauke mata wuta, Inna ta daina amsa gaisuwarta. Ba ta rama ba, ba ta kai ƙarar kowa wurin mijinta ba. Kitsonta ta ci gaba da yi, da shi ta riƙe gidan, in ta yi girki kuma ta aika wa Anti nata kwanon ko da za a dawo da shi.

Da aka gama bincike, an ja wa Yaya kunne an mayar masa da katinsa. Auta kuwa, da yake a bakin aiki ya ji rauni, aka ba shi izinin zama shi da iyalinsa.

Wata rana da hantsi Yaya ya yi sallama a ƙofarsu, ya ƙi zama a kujera, ya durƙusa a gabanta.

"Subhanallahi, Yaya, tashi don Allah."

"Bar ni. Likitar ta ce min da an yi allurar, da bai kai ɗakin tiyata da rai ba. Da kin bi maganata, da sunana za a binne ƙanena. Shi yana ƙasa, ni ina yawo a gari a matsayin mamaci, in rasa bakin da zan ce wa Inna wanne ne cikinmu ya rasu."

Auta ya jingina sandarsa ya kamo hannun wansa, su uku suka yi ta kuka.

Rufin asirin dangi abu ne mai kyau, amma bai kai ran mutum ba. Wanda ya tsaya a kan gaskiya don wanda yake so, ya kuma haƙura da fushin da za ta jawo masa, waɗanda suka juya masa baya su ne za su zo su gode masa.