Allurar Da Ta Warkar Da Yayansa

A ɗakin ɗibar jini suka fara haɗuwa. Ita ma'aikaciyar gwaji ce, shi kuma mai gyaran firiji, dogo, ramamme. Tun kafin ta ɗaure masa damtse ya juya fuska bango.

"Kai da kake wasa da wayar lantarki, allura ce za ta kayar da kai?"

"Lantarki na san halinsa," ya ce. "Ke ce ban sani ba."

Daga ranar take ce masa Jarumi, shi kuma yana ce mata Likitata, ko da yake ba likita ba ce. A haka soyayya ta ƙullu, har aka fara maganar aure.

Ciwon hanta nau'in C yake fama da shi, shi da yayansa. A ƙarin jini suka ɗauka, bayan wani haɗarin mota suna yara. Aka ɗora su kan magani ɗaya, allura duk mako da ƙwayoyi kullum, kusan shekara. Tare suka sha zazzaɓi, tare gashinsu ya zube. Da aka gama, jinin yayan ya fito fes. Nasa kuwa cutar tana nan.

"Ƙila dai kana tsallake allura," in ji yayan. Maganar ta kai kunnen mahaifinta.

"Ciwo ba ya hana aure a wurina," Baba ya ce mata. "Amma wanda ya yaudari jikinsa, ke ma zai yaudare ki. Ga ɗan abokina mai kantin magani yana jira."

Ita ma shakka ta kama ta, don ta san tsoronsa. Kwana tara ba ta ɗaga wayarsa ba, sai saƙo ya shigo:

"Likitata, babu allurar da na tsallake. Ido nake rufewa, ba na gudu. In ke ma ba ki yarda ba, ba ni da sauran shaida."

Likitansa ya tura jininsa gwajin gado. Akwai wata ƙwayar halitta da take juya garkuwar jiki. Wanda ya gaji wani nau'inta, allurar takan ci a jikinsa. Wanda ya gaji ɗayan, sau da yawa wahalar banza yake sha. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowa da abin da ya ɗauko.

A bencin asibiti ya nuna mata takardar. Ta karanta, ta kasa kallonsa.

"Ka yafe min, Jarumi. Ta wanke ka. Amma in Baba ya ji kalmar gado, jikokinsa zai tuna, ya rufe ƙofar gaba ɗaya. Mu ɓoye. Ka fara sabon maganin da likita ya ce ya fito, in ka warke zai sauko."

"Ya sauko yana kallona maƙaryacin da ya tuba?"

Washegari ya kai takardar da kansa. Baba ya sa tabarau, ya daɗe a kanta.

"'Ya'yanku za su gaji wannan?"

"Za su iya, Baba. Ba cuta ba ce. Garkuwa ce da ba ta jin waccan allurar."

"Sabon maganin fa?"

"Likita ya ce yawanci yana ci, ko a irin jikina. Bai rantse min ba."

"Da ka ɓoye, da ban sani ba."

"Da ni na sani."

Baba ya cire tabarau.

"Na kira ka maƙaryaci a gaban 'yata. Ka yafe min, ɗana."

A mako na bakwai da fara sabbin ƙwayoyin aka ɗaura aure. Rigar angon ta yi masa yawa a kafaɗa, kuma sakamakon ƙarshe sai bayan watanni. Babu wanda ya yi maganarsa a taron, sai Baba da ya zo sallama.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "Ranar karɓar takarda kuma ku biyo ta nan. Mu uku za mu je."