Kyautar da Semisi Ya Ƙi Karɓa

Ba son ilimi ne ya kai Semisi ajin nazarin halayyar ɗan Adam ba, an dai ce masa babu lissafi a ciki. Ranar farko ya makara, kujerar da ta rage kuwa ita ce ta gaban Marnie Kowald, 'yar manoman alkama.

"Malam, ka tare min allo," ta ce. "Haka kake da faɗi kullum?"

"Ɗan tsibirin Tonga ne ni, haka ake haifarmu."

Ta yi dariya. Shi ke nan, an gama da Semisi.

Kafin su kai ajin ƙarshe, duk garin Robinvale ya san da su. Yana kiranta 'Yar Alkama, ita kuma tana kiransa Likita, don ba ya ganin mutum bai laƙaba masa wata cuta ba. Malama Petrakis, mai koyar da ajin, ta sha ja masa kunne: "Ɗan abin da ka karanta bai mai da kai likita ba, Semisi."

Mahaifin Marnie, Col, bai taɓa son Semisi ba. Brodie yake so, ɗan maƙwabcinsa mai gona da tarakta. Semisi kuwa, ɗan masu tsinkar inabi, da ka yake amsa gaisuwarsa. Ga fari ya cinye masa alkama. Marnie ta taɓa gaya wa Semisi cewa Baba ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina zuwa kallon ƙwallo. "Tsakanina da kai ne, Likita."

Ana dab da jarrabawa sai ga saƙonta: "Baba ya ce ka zo cin abinci ran Lahadi!! Shi da bakinsa! Ka sa rigar kirki, don Allah."

Ya tarar da Col yana gasa naman rago, har da fito. Da aka gama ci, Col ya kira Tip, karen da ke masa kiwon tumaki, wanda ko matarsa Jan ba ta isa ta daka wa tsawa ba.

"Yaro, na ba ka Tip. Ka riƙe shi da kyau. Marnie ma ka kula min da ita."

Idon Marnie ya cika da hawayen murna. Semisi kuwa sai ya tuna wani darasi. An koya musu a aji: wanda ya daɗe cikin ciwon damuwa, ya wayi gari da fara'a yana rabar da abubuwan da ya fi so, abin tsoro ne. Kuma ya ga fatsar kamun kifin Col a motar Brodie. In ya yi shiru, ya samu Marnie yau. In ya yi magana kuma ya zama ba haka ba ne, ya rasa ta.

"Ba zan karɓa ba, Mista Kowald." Semisi ya dube shi ido da ido. "Ba ka barci, ba ka cin abinci. Ka ba da fatsarka, yanzu kare. Don Allah ka gaya min, kana tunanin kashe kanka ne?"

Faranti ya suɓuce daga hannun Jan. Col ya dubi 'yarsa, sannan ya miƙe.

"A gidana? Gaban matata? Fita! Kada in sake ganinka kusa da 'yata."

Bai kai gida ba saƙo ya shigo: "Amanar da na ba ka ke nan? Kada ka sake kirana."

Mahaifiyarsa ma ba ta raga masa ba. "Babba ya ba ka kyauta ka mayar masa? Wa ya haife ka?"

Washegari ya gaya wa Malama Petrakis komai. Ba ta ce masa ya yi daidai ba, waya kawai ta ɗauka ta kira Jan.

Haka aka yi jarrabawa, Brodie ke kawo Marnie makaranta, ita kuwa ko inda Semisi yake ba ta kallo. Ya rame, ya tsani bakinsa.

Ranar takarda ta ƙarshe, ya fito ya ga a-kori-kurar Col a bakin ƙofa, Tip a baya. Col ya sauko. Semisi ya so ya gudu, amma ya tsaya.

"Kowa tambayata yake ya ruwa, ya gona," in ji Col, idonsa a ƙasa. "Kai kaɗai ka tambayi abin da ke raina. Kuma ba ka yi ƙarya ba." Ya share fuska da hula. "Ina ganin likita yanzu. Na gaske, ba irinka ba."

Wayar Semisi ta yi ƙara. Marnie ce, daga cikin motar, tana kuka: "Ka yafe min, Likitana. Kunya ta hana ni saukowa."

"Sauko, 'Yar Alkama. Ko in zo in tare miki hanya?"

Bayan sun gama jami'a aka ɗaura aure, aka yi liyafa a rumfar askin tumakin Col. Ango ya ɗaura tabarmar biki a ƙugu kamar yadda ake yi a Tonga, danginsa suna ta waƙa. Sai ga Col da ɗan kwikwiyo, jinin Tip.

"Wannan karon karɓi, ɗana. Ina nan, kuma duk Lahadi zan zo in ga ko kana ciyar da shi. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Semisi ya sa hannu biyu ya karɓa.