Hannun Hagu a Bangon Mai Kifi

"Za ki goge shi, ko ni in goge?"

Baƙuwa ta sandare a kan tsani, gwangwanin fenti a hannunta. A ƙasa Umma ce, mahaifiyar Mai Kifi, riƙe da bokitin farin fenti da buroshi, ko mayafinta ba ta tsaya gyarawa ba.

Zanen bango ne sana'ar Baƙuwa. Gari-gari take bi, ta zana, ta ɗauki hoto, ta ƙara gaba, shi ya sa 'yan layin masu abinci suka laƙa mata sunan. Zane-zanen ƙarƙashin gada ta zo gani a wannan birni, sai ƙamshin gasasshen kifi ya ja ta ta hanci har bakin wata rumfa. Ranar farko kifi ta je ci. Washegari ma haka ta gaya wa kanta. Daga nan kuwa ta daina yi wa kanta ƙarya, son mai gasa kifin take yi, wanda ake kira Mai Kifi.

Shi ya ba ta bangon bayan rumfar.

"Zana abin da idonki ya gani, 'yar fentina," ya ce.

To me idon nata yake gani in ba shi ba? Ta zana shi ƙato, yana murmushi, farantin kifi a hannu. Tikitin tafiyarta na gobe ne, kuma da bangon nan ta so ta tambaye shi ko ta yaga tikitin ta zauna.

"Umma... me na yi?"

"Au, tambaya ma kike? Ɗana kika zana yana miƙa wa mutane abinci da hagu! Da hagu, a idon duniya! Ce miki aka yi bai da tarbiyya?"

Mai Lemo ta rumfar kusa ta matso tana taɓe baki. Ta daɗe da ɗora ido a kan Mai Kifi, kuma ita ta kai labarin gida har da ƙarin gishiri.

"Ai na faɗa miki, Umma. Mai yawo da gwangwani gari-gari, ina ta ga ladabi?"

Baƙuwa ta ɗaga kai ta dubi zanen. Gaskiya ne. Farantin a hagu yake, kuma wallahi ba ta lura ba sai yanzu.

"Umma, don Allah ki saurare ta..." Mai Kifi ya fara.

"Rufe min baki! Ta goge, ta kama gabanta. Kar in sake ganin ƙafarta a rumfar nan."

Baƙuwa ta sauko, hawaye na bin kumatunta.

"Ki yi haƙuri, Umma, ba raini ba ne. In aiki ya kacame masa, mantawa yake, sai ya ɗauki faranti da hagu, ya ɗan karkata wuyan hannu, ƙaramin yatsa a sama... sannan ya tuna, ya mayar dama da sauri kamar marar gaskiya. Ni kuma hannun nan na fi so. Amma bangonki ne. Kawo buroshin."

Umma ba ta ba ta ba. Da kanta ta tsoma shi a bokiti, ta taka har jikin bango, ta ɗaga hannu.

Sai ta tsaya.

Farin fenti na ɗiga a kan takalminta, ita kuwa ta ƙura wa ƙaramin yatsan nan ido.

"Hannun Malam ne..." ta ce. "Hannun babansa."

Ta sauke buroshin, ta ci gaba.

"Bahago ne, Allah ya jiƙansa. Da hannun nan ya kafa rumfar nan, da shi ya ciyar da mu, mutane na ta yi masa tsiya. Na rantse ba za a yi wa ɗana ba, na yi ta buge masa hannu tun yana rarrafe." Ta share ido da gefen mayafi. "Duk hotunan Malam, hannun na cikin aljihu. Rabona da ganinsa tun ranar da aka fita da shi."

Mai Lemo ta tuna ƙanƙararta na narkewa, ta sulale.

Umma ta jefa buroshin cikin bokiti, ta juyo.

"Ke, yaushe za ki tafi?"

"Gobe, Umma..."

"Goben wa? Ga rabin bango fayau, wa zai ƙarasa min? Ki ba ni lambar mahaifinki, ina da magana da shi."

"Umma!" Mai Kifi ya ce, bakinsa har kunne.

"Kai kuma ka tsaya kana washe baki, yarinya tun safe a kan tsani ba ta ci komai ba!"

Nan da nan ya zuba kifi mai zafi a faranti, ya miƙo da dama.

"Bismillah, sanyin idona."

Umma ta buge hannun, a hankali wannan karon.

"Miƙa mata da hannun da ta zana."