Kwana Biyar Limbani Bai Yi Kashi Ba

A ƙauyenmu, can gindin dutsen Dedza, akwai wata yarinya mai suna Tiyamike. Shekararta goma, tana aji huɗu. Danga ɗaya ce ta raba gidansu da nawa. Duk abin da zan gaya muku, ko na gani da idona, ko ita ta faɗa mini da bakinta.

Yarinya ce mai hankali, amma fa ba ta son a fi ta. Ko a tsallen igiya aka fi ta, ranar ba mai ganin haƙorinta.

Tana da ƙane ɗan wata takwas, sunansa Limbani. Tana ji da yaron nan ƙwarai. Kullum yana bayanta.

Duk wata, Malama Nachisale, ma'aikaciyar lafiyarmu, takan rataya sikeli a reshen mangwaron bakin coci. Mata su kawo jarirai a auna su. Ranar awon nan, Tiyamike ce ta goyo Limbani, Mama, wato mahaifiyarsu, tana biye da katinsa na awo.

Aka rataya Limbani a sikelin. Malama ta duba tsinken sikelin.

"Kilo takwas. Lafiyarsa lau, yana girma daidai," in ji ta.

Daga nan aka rataya Takondwa, ƙanwar Pemphero. Ita Pemphero ajinsu ɗaya da Tiyamike, kuma bakinta ba ya shiru.

"Kilo tara da rabi. Ita ma lafiyarta lau."

Pemphero ta matso kusa da Tiyamike tana dariya.

"Ke, wai ƙaninki ne wannan ko ɗan tsako? Ki ɗaure shi da kyau, kada iska ta tafi da shi."

"Ki bari wata mai zuwa ki gani," in ji Tiyamike. "Sai ya tsinke igiyar sikelin nan."

"Da me? Da kunun dusar nan da kuke ba shi? Mu a gidanmu kaji muke ba dusa."

Maganar nan ta ƙona wa Tiyamike rai. Har suka isa gida tana juya ta a ranta.

Gaskiya ne, kunun Limbani ba fari ba ne. Mama takan dama shi da garin masarar da ba a surfe ba, ta sa gyaɗa da ɗan ganyen kabewa. Tuwon manya kuwa da farin gari ake tuƙa shi, wanda aka surfe aka jiƙa aka shanya har ya yi fari fat.

Lokacin hutun makaranta ne, kuma ana tonon dankali. Mama takan dama kunu da safe ta tafi gona, sai azahar ta dawo. Gida sai Tiyamike da Kaka. Ita kuwa Kaka idonta ya yi rauni, ba ta gani sosai.

Tiyamike ta zauna ta yi tunani. Ta tuna Kawu Gomani mai amalanken shanu. Malmala uku ta farin tuwo yake tashi da ita a zama ɗaya, kuma da kyar yake shiga ƙofa.

"Ashe sirrin ke nan," ta ce a ranta.

Washegari Mama na fita, ta ɗauki kunun ta zuba wa kaji a bayan rumbu. Ta ɗauko ragowar farin tuwon jiya. Ta riƙa gutsura tana tura wa Limbani a baki. Ta ƙara masa da ayabar da ba ta gama nuna ba. Da ya miƙa hannu wajen kofin ruwansa, sai ta janye.

"A'a, ɗan ƙanena. In ka sha ruwa, ina tuwo zai sami wuri?"

Da Mama ta dawo ta ba shi nono, ya ɗan tsotsa ya kau da kai.

"Ikon Allah! Yaron nan ya ƙi nono. Ya shanye kununsa kuwa?"

"Tas, Mama," in ji Tiyamike. Har da nuna mata kwano.

Haka aka yi rana ta biyu, aka yi rana ta uku.

To, wankin ƙunzugun Limbani aikin Tiyamike ne. Ita kaɗai ta san abin da ke ciki. Kwana uku ke nan babu komai sai fitsari. Kun san abin da yarinyar nan ta yi? Murna ta yi! Har da rawa a bakin rijiya.

"Yawwa! Abincin ya daina zubewa. Yanzu duk a jikinsa yake zama."

Kun ji fa! Ni da ta gaya mini wannan daga baya, sai da na riƙe baki.

Rana ta huɗu Limbani ya daina dariya. Sai ya yi ta ƙananan koke-koke, yana naɗe ƙafa. Tiyamike ta ɗan ji tsoro, amma ta ɓoye wa Mama.

Rana ta biyar Asabar ce. Ina shara da safe na ji wani irin ihu daga gidansu. Ban taɓa jin jariri ya yi irin kukan nan ba. Na yar da tsintsiya na haura danga.

Na tarar da Limbani a cinyar Mama. Yana nishi, yana miƙewa, jijiyoyin goshinsa sun tashi. Na taɓa cikinsa, na ji shi da tauri kamar ɗanyen duma.

"Tiyamike!" Mama ta ƙwala kira. "Yaushe rabon yaron nan da kashi?"

Tiyamike ta sunkuyar da kai.

"Jiya, Mama."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Mama ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni! To in ya yi jiya, ba cushewar ciki ba ce ke nan. Me ya shiga cikin ɗana?"

Kaka ta lallaɓo da sandarta. Ta shafa cikin yaron, ta girgiza kai.

"Mugun abu ne ya zauna masa. Tsaga za a yi, a goga magani. Haka aka yi mana muna yara. Tiyamike, ɗauko mini reza a saman ƙofa."

"Inna, a ɗan dakata," in ji Mama tana kuka.

"A dakata har yaushe? Ba kya jin kukansa?"

Ni ma da nake tsaye, kaina ya ɗaure. Ban ce komai ba, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan.

Tiyamike ta shiga ɗaki ta fito da rezar. Kaka ta karɓa ta warware takardar. Aka yaye rigar Limbani. Kaka ta fara laluben wurin da za ta tsaga da yatsa.

Sai Tiyamike ta kurma ihu ta faɗa kan ƙaninta.

"Kada ki yanka shi! Kaka, kada ki yanka shi! Ƙarya na yi!"

Kowa ya tsaya cak.

"Bai yi kashi jiya ba. Kwana biyar ke nan bai yi ba. Ni ce na ja masa. Kununsa kaji nake ba. Farin tuwo nake ɗura masa da ɗanyar ayaba, kuma na hana shi ruwa."

Rezar ta suɓuce daga hannun Kaka.

"Kwana biyar?" in ji Mama da kyar. "Tiyamike, kwana biyar kina kallona kina cewa tas?"

"So nake ya fi ƙanwar Pemphero nauyi."

"Nauyi! Saboda sikeli za ki kashe mini ɗa?"

Kaka ta zauna daɓas a kan turmi.

"Tirƙashi! Yau da na yanka jikana a banza. To, tunda kashi ne ya ƙi fita, a fere sabulu a sa masa a dubura."

Nan fa bakina ya buɗe.

"Kaka, kada a sa masa komai. Bari in kira Malama."

Na fita da gudu, ko takalmi babu. Na yi sa'a tana gida. Ta hau kekenta, ni kuma na biyo ta ina haki.

Malama Nachisale ta wanke hannu ta karɓi yaron. Ta taɓa goshinsa. Ta danna cikinsa a hankali.

"Ya yi amai?"

"A'a," in ji Mama.

"Kun ga jini? Jikinsa ya yi zafi?"

"Babu ko ɗaya."

"To, kun auna arziki. Kashi ne ya bushe ya yi tauri." Ta hango rezar a ƙasa, ta zaro ido. "Wannan fa?"

Kaka ta kau da kai.

"Kaka, don Allah, ba reza, ba sabulu. Reza ciwo za ta ƙara masa. Sabulu kuma ƙona wurin yake yi."

Sannan ta juya wajen Tiyamike, wadda ke rakuɓe jikin danga tana sheshsheƙa.

"Ke, share hawayenki ki zo. Ke kika ɓata, da ke za a gyara."

Tiyamike ta matso.

"Gaya mini, in an tace gasara, ina ake kai tsakin?"

"Zubarwa ake yi, Malama."

"To haka cikin mutum yake. Ya ɗauki mai amfani, ya fitar da saura. Kashi ba asara ba ne. In ya zauna a ciki, ba ƙiba yake zama ba, ciwo yake zama."

"Na ɗauka dusa abincin kaji ce."

"Dusar nan da ganyen nan su ne suke tausasa kashi. Ruwa da nono kuma su tura shi waje. Ke kuwa kin kwashe su duka, kin bar masa farin tuwo zalla. Hanjinsa bai fi ɗan yatsanki kauri ba."

Tiyamike ta dubi ɗan yatsanta, ta sake fashewa da kuka.

Malama ta sa aka ɗumama ruwa. Tiyamike ta zaunar da Limbani a ciki har jikinsa ya saki. Aka kwantar da shi a tabarma. Malama ta kama hannun Tiyamike ta nuna mata yadda za ta shafa cikinsa da ɗan mai, a hankali, tana kewaya cibiya yadda hannun agogo yake tafiya. Ta nuna mata yadda za ta kama ƙafafunsa tana juyawa kamar yana tuƙa keke.

"Ku murje nunanniyar gwanda ku ba shi. Ku ba shi tafasasshen ruwan da ya huce, kaɗan-kaɗan. Nono kuwa duk lokacin da ya nema. Tuwo da ayaba a dakata tukuna. In gobe ta yi bai yi ba, ko ya fara amai, ko cikin ya kumbura, sai asibiti, ba jira."

Ranar Mama ba ta je gona ba. Ba ta doki Tiyamike ba, amma ko kallonta ba ta yi. Tiyamike ta ce da an zane ta da ya fi mata sauƙi. Ita ta tsinko gwandar, ita ta murje, ita ta tafasa ruwan. Ta yi tausa, ta yi keke, har hannunta ya gaji. Kowane lokaci sai ta leƙa ƙunzugu. Babu komai.

Gari ya waye, Lahadi. Har yanzu shiru. Mama ta ɗauko katin Limbani ta ɗaura zani, ta ce sai asibiti. Tiyamike kuwa an sa ta shirin coci, ta sa farar rigarta ta 'yan waƙa.

"Mama, don Allah bari in gwada sau ɗaya kawai."

Mama ta miƙa mata shi.

Tiyamike ta kwantar da shi a cinyarta ta kwance ƙunzugun. Ta shafa cikin. Ta kama ƙafafun.

"Tuƙa keke, Limbani. Tuƙa, ɗan ƙanena. Ka yafe mini."

Limbani ya yamutsa fuska. Ya yi wani dogon nishi. Sai ga wasu 'yan ƙwayoyi masu tauri sun faɗo, kamar kashin akuya.

"Mama! Mama, zo ki gani!"

Ba ta rufe baki ba, sai muka ji ɓurrr! Jama'a, kaya na kwana shida! Farar rigar nan tun daga ƙirji har gwiwa ta tashi daga aiki. Ni da nake leƙe ta danga sai da na ja da baya na toshe hanci.

"Tabɗi!" in ji Kaka. "Ni da ba na gani ma na shaida."

Limbani ya yi ajiyar zuciya. Ya dubi yayarsa, ya washe haƙoransa guda biyu, ya ƙyalƙyale da dariya.

Tiyamike ta ɗaga shi sama tana kuka tana dariya.

"Ya yi! Ya yi kashi! Mama, ya yi!"

Mama ta ajiye katin. Ta durƙusa ta rungume su duka biyu, ba ta ko damu da rigar ba.

"Kin ga inda ƙarya ta kusa kai mu?" in ji ta.

"Na gani, Mama. Ba zan ƙara ba."

"In kin ga wani abu ya canza a jikin ƙaninki, ki gaya mini nan take. Ko ke ce kika yi laifin, ki faɗa."

"Zan faɗa, Mama."

To yara, kun ji. Kada ku canza wa jariri abinci ba da sanin manya ba. In kun ga ya kwana biyu bai yi kashi ba, ko yana yi da kyar, ku gaya wa iyayenku. In kuma kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya da wuri, tun kafin wanda bai ji ba bai gani ba ya sha wahala.

Ranar Tiyamike ba ta je coci ba. A bakin rijiya ta yini tana wanke riga, Limbani yana bayanta yana barcinsa.