Tashar da Oga Ya Goge

Gab da magariba na isa rumfar jiran bas ta bakin kasuwa, sabuwar taswira a hammata. Aikina ke nan: in kwance gilashi, in cire tsohuwa, in saka sabuwa.

Ƙanwata ce ta zana ta, kowace hanya da launinta, ko wanda bai yi boko ba zai gane. Sai Oga, shugaban ofishinmu, ya sa ta goge wata 'yar tasha ta gefen kangon asibiti, wai tana cunkushe zane kuma ba mai hawa a can. Ta ce ai direbobi na tsayawa su buɗe ƙofa ko ba kowa, ruwa ko rana. Ya kore ta a gaban jama'a, wai ta je ta buɗe shagon duba. Kwana ta yi tana kuka, ni kuwa na ƙullace shi.

Ina ɗaure gilashi sai hayaniyar titi ta ɗauke ɗif. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina, alhali ko yayyafi ba a yi ba.

A cikin gilashin na ga dogon layin mutane a bayana. Na waiwaya. Benci kawai.

"Ɗan nan," muryar wata tsohuwa ta raɗa, numfashinta da sanyi a wuyana. "Tun da aka raba wa direbobi takardar nan, mota ba ta tsaya mana ba."

Sukudireba ya suɓuce mini.

"Wa ya goge mu?"

Wani dogon farce ya bi gilashin, ƙiii, har ƙasan taswira inda sunan ƙanwata yake. Ya tsaya.

"Ba ita ba ce, Iya. Sa ta aka yi."

"Nuna mana wanda ya sa ta."

Na dangwala yatsa a kan unguwar Oga a taswirar, daidai layinsu. Tawadar wurin ta dushe, ya koma fari fat.

Na kwasa a guje, ko jakata ban waiwaya ba.

Yanzu tashar ta koma kan taswira, ƙanwata ta koma teburinta. Oga kuwa yana tsakiyar gari yana tare motoci. Iyalinsa sun ja shi har ƙofar gida, ya ce fili yake gani.

Jiya ya riƙo rigata. "Don Allah, wace mota ke zuwa gidana?"

Ko ɗigon tausayi ban ji ba. Na nuna masa taswira.

"Ai babu cunkoso yanzu, Oga. Duba da kanka."